Neman Leɓe Irin Nawa

Abin ya fara fito mini ne a leɓen ƙasa, ta gefen hagu, daidai inda jan ciki yake haɗuwa da baƙin waje. 'Yata ta fari tana da wata biyar a lokacin. Ina zaune ina ba ta nono sai na ji harshena ya ci karo da wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gero. Na ɗauka zafi ne, don a Makka kowane ƙurji zafi ake ɗora wa laifinsa. Amma bai yi ruwa ba, bai fashe ba, kuma ko sau ɗaya bai yi mini ciwo ba. Ya dai zauna abinsa yana girma a hankali.

A kan dutsen Nakkasa muke zaune, cikin 'yan ɗakunan gwangwani da buhu da mutanenmu suka kakkafa. Ni a hanya aka haife ni, a ƙasar Sudan, iyayena suna tafe daga ƙasar Kano da ƙafa, kuma su duka biyun sun riga mu gidan gaskiya tun kafin a yi mini aure. Mijina ɗan garuwa ne, yana rataya tanaka biyu, wato garwa, a sanda yana kai ruwa gidajen mutanen gari. Shekarun nan ne da motoci suka fara kore raƙuma daga hanyar Arfa. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, tana da nata ɗakin sama da namu, kusa da juna yadda in an yi kira za a ji.

Tun ina ƙarama bin diddigi ne cutata, shi ya sa ƙarin nan ya fi ba ni mamaki a kan tsoro. Ina da wani guntun madubi da na tsinta a bayan kasuwa, kullum in na gama shara sai in zauna a bakin ƙofa in janyo leɓe in duba. Na gan shi ya tashi daga gero ya kai dawa, daga dawa ya kai wake, ya zo ya tsaya a girman magarya. Launinsa fari-fari ne da ɗan rawaya, samansa da kaushi kamar harshen kyanwa. Na matsa shi, bai ce komai ba. Wata rana na soka masa allura don in ga me ke ciki, sai ɗigon jini ɗaya ya fito irin na kowane nama. Ina cin barkono da shi, ina shan shayi mai zafi da shi, babu abin da ya dame shi.

Mutum ɗaya ce ta tarbe shi da murna, ita ce yarinyar. In tana shan nono sai ta miƙo hannu ta kama shi da yatsu biyu tana murzawa, har barci ya ɗauke ta. In na ture hannun sai ta saki nono ta yi mini tsawa. Na bar mata shi ya zama abin wasanta.

Matan unguwa kuwa kowace da nata karatun. Wata ta ce kambun baka ne. Wata ta ce na sha ruwa a inda ƙadangare ya sa baki. Akwai wata maƙwabciya da muka taɓa yin cacar baki da ita a kan zubar da ruwan wanki, ita ce ta tsaya a gaban mutane ta ce, "Ai dama baki shi ke yanka wuya. Tsiwarki ce ta taru ta yi ƙwallo."

Na ce, "In da tsiwa ke yin ƙwallo, da ke sai an ɗauko miki kwando a riƙa tare naki."

Aka yi dariya, amma na koma ɗaki raina a ɓace. An shafa mini zuma, an shafa habbatus sauda, na kurkure baki da zamzam safe da yamma. Da abin ya ƙi, mijina ya kirawo wani tsohon wanzami, mutumin Katsina, da ke yi wa alhazai aski a Marwa. Ya juya leɓen sama da ƙasa, ya danna, ya sunsuna, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

Ya ce, "Malam, na cire beli, na yi ƙaho, na fasa maruru ba adadi. Wannan ban san sunansa ba, kuma abin da ban san sunansa ba askata ba ta taɓa shi."

Asibiti kuwa babu wanda ya kawo zancensa. A wancan zamanin mutanen dutse sun yi imani cewa duk wanda ya kai wa likita ciwon da ba a saba gani ba, karantina za a wuce da shi can bakin teku, ba a sake jin labarinsa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba mu da mai ƙarfin halin zuwa ya gwada. Sai bayan shekaru da yawa wani likita ya duba ni, ya kira abokan aikinsa su zo su gani, ya ce ƙari ne marar cutarwa, ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa, kuma likita yana iya tsufa a kan aiki bai ci karo da irinsa ba. Ina ma a ce na ji wannan magana a shekarar da nake bukatarta.

Maganar wanzamin nan ita ta tayar da hankalin Inna. Ba muguwa ba ce, gara in faɗi wannan tun yanzu. A hanyarsu ta zuwa ta bar ƙanwarta a wani ƙauye, kuturta ta cinye mata yatsu, kuma kullum tana cewa da ɗan tabo guda abin ya fara. Da farko sai ta ɗaura jan ƙyalle a hannun wata moɗa ta ce wannan ce tawa. Bayan kwana biyu aka ware mini kwano. Na haɗiye duka. Rannan da hantsi sai ta sauko ɗakinmu, ta tarar yarinyar tana shan nono, hannunta a bakina. Ta yi tsaye tana kallo. Da yarinyar ta saki nono, ta sunkuya ta ɗauke ta, ta saɓa a kafaɗa.

Ta ce, "Yau na yaye ta. Za ta zauna wurina."

Watanta goma sha ɗaya. Ko tafiya ba ta fara ba.

Duk tsiwar nan tawa da ake labari, ban ce uffan ba. 'Yar fari ce. A wurinmu mace ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, ba ta buɗe baki ta ce "'yata". In an tambaye ta ina yarinya, sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Da ta biyu ce ko ta uku da na kama zanen Inna mun yi ta a tsakar unguwa. Amma a kan ta fari, wadda duk ta yi magana an gama da ita, har jikokinta za a riƙa ba labarin rashin kunyarta. Iyayenmu sun bar gero da rumbu da gonaki a gida, wannan kunya kuwa sai da suka ɗauko ta a ka har Makka.

Na gaya wa mijina a ɗaki. Ya daɗe yana gyaran igiyar tanakarsa kafin ya ce, "Ki yi haƙuri. Inna ce."

Inna ta kafa mini doka. Ina iya zuwa gaishe ta kowace safiya, amma sai na rufe fuska da burga irin ta matan gari, in zauna a bakin ƙofa, kada numfashina ya kai ga yarinyar. Haka nake zuwa in durƙusa in ce, "Inna, ina kwana," ina satar kallo ta cikin tsagar burga. Satin farko nonona ya cika ya yi tauri, ina jin kukanta daga sama ina nawa a ƙasa. Ta fara tafiya ba a gabana ba. Da aka yi wata uku, in na zo sai ta ɓuya a bayan Inna, don ba ta ganin komai sai baƙin ƙyalle mai magana. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Dabarar ta zo mini ne lokacin da alhazai suka fara cika gari. Na sauka Harami wata Juma'a, na ga wasu mata 'yan ƙasar Hindu sun shigo da harama, fuskokinsu a buɗe, tunda mace mai harama ba ta ɗaura burga. Na tsaya ina tunani. A garin nan na ga mai yatsu shida, na ga mai maƙoƙo kamar tulu, na ga mai ido ɗaya baƙi ɗaya shuɗi. Duk abin da Allah ya halitta a jikin ɗan Adam, ko ba daɗe ko ba jima sai ya zo Makka ya yi ɗawafi. In dai akwai mai leɓe irin nawa a duniya, nan zai zo. Idan na same shi ya tsufa da abinsa, yatsunsa goma cif, 'ya'yansa lafiya, to Inna za ta gani da idonta, tunda gani ya kori ji.

Saura yadda zan riƙa leƙa bakin mutane ba a ce na haukace ba. Sai na ce wa mijina ina son in yi sabil, wato in riƙa shayar da alhazai ruwa saboda Allah. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka haƙuri ne ya fara kama ni. Kullum yana ajiye mini tanaka guda, in sanyaya a tulu, in sauka da 'yar tasa. Mai shan ruwa dole ya ɗaga haɓa ya buɗe leɓe, ni kuwa ina tsaye dab da shi, idona a kan bakinsa. Wani abin dariya, a gida an ɗaura wa moɗata jan ƙyalle, a titi kuwa tasa ɗaya nake miƙa wa duniya, baki ɗari na shiga cikinta kafin azahar.

Na ga leɓuna a shekarar nan. Na ga na Turkawa sirara kamar an ja zare. Na ga na matan Hindu da wani ganye da suke tauna ya rina ja, har na tsorata ranar farko na ɗauka jini ne. Na ga na mutanenmu da goro ya yi wa lalle. Na ga waɗanda rana ta tsattsage, da masu ƙuraje, da wani Bamisire mai tsagaggen leɓe tun haihuwa. Maza su suka fi ba ni wuya saboda gashin baki. Wata Balarabiya ta lura da irin kallon da nake yi mata, ta ture tasar ta ce, "Esh fiki, ya binti? Me ke damun ki, 'yata? Haƙorana za ki saya?" Na ba ta haƙuri na wuce gaba. Sau biyu gabana ya faɗi na ce na samu. Ɗaya ashe ƙwallon dabino ne a kumatu, ɗayan kuma ƙurji ne ya nuna yana shirin fashewa.

Na bi su Mina, na dawo. Aka gama aikin hajji, motoci suka fara kwasar mutane zuwa Jidda. Kullum garin yana raguwa, ni kuma ƙafata ta yi kanta, zuciyata ta fara karaya. Na ce to, ko dai ni kaɗai ce Allah ya yi wa wannan a duk faɗin ƙasa.

Wata safiya na bi ta wani lungu inda alhazan ƙasar Jawa ke sauka. Sun fito da kayansu ƙofar gida suna jiran mota. Wata 'yar tsohuwa, ƙarama kamar yarinya, tana zaune a kan ƙunshin kaya tana fifita. Na miƙa mata tasa don na saba, ba don ina tsammanin komai ba. Ta ɗaga haɓa. Ga shi nan a leɓenta na ƙasa, ta gefen dama, fari-fari da rawaya, da kaushinsa da komai, ya ɗan fi nawa girma.

Na shagala da kallo har ruwa ya zube mata a zane. Ta ɗago za ta yi faɗa, ni kuwa na ajiye tulu na yaye burga a tsakiyar titi, na janyo leɓena da yatsu biyu. Ta zuba mini ido. Sai ta janyo nata. Muka tsaya muna riƙe da leɓuna muna kallon juna, can ta fashe da dariya har da buga cinya, ta shiga ƙwala kira da yarensu. Mata uku suka fito da wani saurayi. Ta sa yatsa ta taɓa nawa, ni ma na taɓa nata. Ashe ita ma ba ta taɓa ganin na wani ba.

Babbar cikin matan tana jin ɗan Larabci. Ta ce tsohuwar mahaifiyarsu ce, su uku 'ya'yanta ne, saurayin jika. Na tambaye ta shekara nawa abin yake bakin tsohuwar. Ta nuna ƙirjinta ta ce ita da shi ta buɗi ido ta ga uwarta, ga shi kuwa furfura ta fara fito mata. Na kama hannun tsohuwar na ƙirga yatsu, goma. Ban ji nauyi ba na duƙa na ƙirga na ƙafa.

Da ɗan Larabci da nuni na ba su labarina. Na nuna tsawon yarinyar daga ƙasa, na nuna nono, na nuna dutse. Babbar 'yar ta ce motarsu bayan la'asar za ta zo, kuma gwiwar uwarsu ba ta hawa. Tsohuwar ta tambayi me ake cewa, aka fassara mata. Sai ta laluba ƙarƙashin kaya ta ciro takalmanta.

Mun daɗe kafin mu kai sama, tana hawa tana hutawa. Kafin mu isa rabin unguwa na biye da mu, har da maƙwabciyar nan mai kwando. Na mayar da burgata na yi sallama a ƙofar Inna. Ta fito ta ga Jawa biyar a tsaye, ta dube ni.

"Ke, lafiya? Su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Baƙin Allah ne, Inna. Sun hau dutse, ƙishirwa suke ji."

Alhaji ba a hana shi ruwa a Makka, kuma moɗa ɗaya ce a kan randar Inna. Ta ɗebo ta miƙa wa tsohuwar da hannu biyu. Tsohuwar ta ɗaga haɓa, na ga idon Inna ya sauka a kan leɓen ya tsaya. Ta sha rabi ta miƙa wa babbar 'yarta, ita ma ta sha ta miƙa wa ta biyu, har moɗar ta kai ga jikan. Babu wanda ya goge bakin moɗar.

Inna ta ce, "Tambaye su, haka suke yi kullum?"

Na tambaya. Babbar 'yar ta ce su bakwai uwarsu ta haifa, duk ta shayar da su, har tauna musu shinkafa take yi ta sa musu a baki. Inna ba ta yarda da ji ba. Ta matso ta kama haɓar matar ta buɗe bakinta, ta duba sama da ƙasa kamar mai sayen ragon layya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har saurayin, suna ta ƙyalƙyala dariya. Daga nan ta kama hannun tsohuwar ta juya shi ciki da baya, ta daɗe tana shafa yatsun. Na san ƙanwarta take tunawa.

Sai tsohuwar ta yi magana, 'yarta ta fassara: "Tana tambaya, ina 'yarki?"

Yarinyar tana bayan Inna, ta riƙe zanenta, ido ɗaya kawai ake gani. Inna ta yi sauri ta tare mini, ta ce, "Gaya musu ta fari ce, ba a tambayarta." Tana rufa mini asiri ne irin na manya, kuma da na sunkuyar da kai da an ce ina da tarbiyya. Wataƙila bayan wata ɗaya ko biyu ta aiko mini da ita da kanta. Amma wata biyar ke nan ina haɗiye magana.

Na ce, "Ga ta can. Inna, ki ba ni 'yata."

Na ji wata a bayana ta ce, "La'ilaha illallahu!" Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Mara kunya. A gaban baƙi." Sannan ta janye zanenta daga hannun yarinyar ta turo ta gaba. "To ga ta nan, in za ta zo."

Ba ta zo ba. Na durƙusa na miƙa hannu, ta ja da baya ta taɓe baki za ta yi kuka. Na kira sunanta, karo na farko a gaban mutane, ta ƙara maƙalewa a ƙafar Inna. Na ce a raina shi ke nan, na yi rashin kunyar a banza. Inna ce ta yi tsaki ta ce, "Cire wannan tsumman mana, da me za ta gane ki?"

Na yaye burga. Yarinyar ta dube ni, ba ta dubi idona ba, bakina ta zuba wa ido. Ta saki ƙafar Inna ta tako, taku uku, irin tafiyar da ban ga farkonta ba. Ta miƙo hannu ta kama ƙarin da yatsu biyu ta murza, sannan ta kwantar da kanta a ƙirjina tana laluben nonon da ya riga ya ƙafe.

Shi ya sa da likitan nan ya gama bayaninsa bayan shekaru, ya ce aikin minti kaɗan ne ya cire mini shi, na ce masa ya bar shi inda ya gan shi.